Juma'a a Gadarif

Na rufe shago rabi,
ƙofa ɗaya na bari saboda masu caji.
Wayoyi sha bakwai kwance bisa tebur,
kowacce da igiyar cibiyarta,
kowacce na jiran kira daga Omdurman.

Rediyo ya ce za a hau teburin sulhu.
Baba Haliru ya ce, wane teburi?
Nawa ma ƙafa uku gare shi, da bulo na tokare.
Muka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori.

Sittana mai shayi ta hura gawayinta.
A Bahri, in ji ta, kujeru sha biyu gare ta
ƙarƙashin dogonyaro, daura da banki.
Yau kujera biyu ce da galan a kife.
Citta dai ba ta rage ba, kirfa ba ta rage ba.
Ta ce, wuta ta ci rumfa,
hannuna kuwa da shi na gudo.
Na sha gahawa biyu, na ce ta rubuta.
Ta ce, littafin ya cika, Sambo, riƙe a kanka.

Makarantar da na yi aji huɗu a cikinta
ta zama unguwa.
Aji ɗaya, iyali biyar, zani ne katanga.
Lissafin wani malami na nan a allo,
sha biyu a raba gida uku, ba a kai ga amsa ba.
A ƙasansa wani hannu ya ƙara da alli:
Altayib, shekara sha tara, dogo, da tabo a gira,
sai lambar waya.

Riɗi ya nuna bana.
Baƙar ƙasa ta yi abin da ta saba,
ita ba ta jin labarai.
Ma'azu ya dawo daga gona da tafi a tsattsage,
ya ce buhu ya yi daraja a baki,
kuɗin ne kafin ka kai gida sun narke
kamar ƙanƙara a hannun yaro.

Kakana daga Haɗeja ya taso da ƙafa, Makka ya nufa.
Ya tsaya nan yankan dawa,
wai sai kuɗin jirgin ruwa sun cika.
Kabarinsa na bayan tashar mota.
Tun ina yaro ake tambayata, ku daga ina?
Jiya wani likita daga Khartoum,
makullin gidansa rataye a wuya kamar laya,
ya riƙe hannuna ya ce, kai ɗan gari ne,
nemo mini ɗaki ko da babu taga.
Shekara hamsin ina jiran kalmar nan.
Ta zo ranar da ba ta da daɗin ji.

La'asar ta yi sanyi.
Hayaƙin agashen Gambo ya tsallako titi,
ƙuli da yaji, ƙamshin da ba a biya.
A layin baya ana buɗa, an ɗaura aure,
lasifika ƙarama, janareta na tari.
Wani ya ce, yanzu lokacin biki ne?
Baba Haliru ya karkaɗe hularsa:
to faɗa mana ranar, mu jira.

Gobe Asabar, zan wanke faifan sola,
zan biya Sittana ko da ɗaya.
Ina cikin wannan lissafi
sai ta uku daga hagu ta ɗau ƙara,
mai fasasshen gilashin nan.
Sunan da ya fito: Uwata.
Mai ita ya ce zai je masallaci ya dawo,
yaro ne mai jar riga, ban tambayi sunansa ba.

Na cire ta daga caji.
Na bar shago a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya,
na kutsa kasuwa da ita a sama
tana ta kuka a hannuna,
ina duban jar riga.